Mai Tsayuwa a Wasan Bulo

Abin da ya hana Injiniya sakat a wannan damina ba aikin ofis ba ne, ba kuma rufin kicin da ke yoyo ba. Mijinta ne ya daina kallonta. Yana yi mata hira kamar kullum, yana tsokanarta, yana yaba shayinta ko da ta manta da sukari, amma idonsa ba ya sauka a fuskarta. In ta zauna a gabansa sai ya karkata kai, ya kama kallon labule ko agogon bango, kamar yaron da ya fasa kofi. Auren da ya haifi ɗa har ya tura shi jami'a ba sabon aure ba ne, kuma mace ba ta buƙatar a gaya mata an ɗauke ido daga kanta. Abin yana cin ranta ƙwarai, girman kai kuma ya hana ta tambaya.

Shi ya laƙaba mata Injiniya, saboda ita ke kula da kwamfutocin ofishin ruwa, har sunan ya bi ta wurin aiki. Ita kuwa Malam take ce masa, kamar kowa. Zanen gine-gine ya koyar a sakandare, mutum ne da in ya ja layi da hannu sai ka rantse da rula ya ja. Bara ya ajiye aiki tun lokacinsa bai yi ba, ya ce hayaniyar yara ta ishe shi.

Ɗansu ne ya shigo musu da wasan bulo gida, sannan ya tafi jami'a ya bar su da shi, kamar yadda yara ke barin iyaye da kyanwar da suka tsinto. Wasa ne na kwamfuta da komai na cikinsa bulo ne mai kusurwa huɗu: ƙasa, dutse, itace, ruwa, har tumaki. Mutum ya haƙa, ya tara, ya gina abin da ransa ke so. Na asalin wani babban kamfani ne ke da shi, kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta ke iya ɗaukarsa ba. Shi ya sa wasu masoyansa, warwatse a ƙasashe, suka haɗu suna sake gina irinsa tun daga tushe, kyauta, rubutunsa a buɗe, kowa ya karanta, kowa ya gyara. A cikinsu Malam da Injiniya suka faɗa.

Ƙungiyar tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Don kada lauyoyin kamfani su ce an yi musu sata, sai aka raba aikin biyu. Akwai Ido, akwai Hannu. Ido shi ke buga wasan kamfani, ya lura da yadda komai ke tafiya, ya bayyana da baki ko da zane. Hannu shi ke rubuta manhajar daga abin da aka gaya masa, kuma haramun ne ya kalli wasan kamfanin, ko hotonsa, ko bidiyonsa. Malam ne Ido, Injiniya ce Hannu, rabonsu kuma shi ne haske da inuwa da duk abin da ake hangowa daga nesa. Kwamfutarsa na ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, tata na falo. In ya shiga ya turo ƙofa, ko shayi za ta kai masa sai ta ajiye a ƙasa ta ƙwanƙwasa. Tana alfahari da wannan. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ita kuwa ta gina rana da wata da faɗuwar inuwa a kan ji kawai, ba wanda ya taɓa kama ta da kuskure.

Da can a takarda yake kawo mata bayani, da zane tsaf, kowace kusurwa da awonta. Bayan ya ajiye aiki sai ya koma aiko mata da saƙon murya a waya, daga ɗakin da ba shi da nisan tofa yawu.

“Malam, yanzu har ka girma da biro?” ta ce masa.

“Ai mai ritaya ba ya wahalar da yatsa, Injiniya. Bari bakin ma ya ci guminsa.”

Ta yi dariya ta bar zancen. A cikin waɗannan saƙonni ne baƙin abubuwa suka fara shigowa. Ya ce kamfanin ya ƙara wasu dabaru a ɓoye, waɗanda ba sa fitowa sai ga wanda ya daɗe yana wasa a duniya ɗaya ta cikin wasan.

“Injiniya, rubuta,” in ji muryarsa, don haka yake fara kowane saƙo. “In mutum ya ƙura wa dogon bango ido, layin da ke tsakiya yana ɗan lanƙwasawa, kamar katakon da aka ɗora wa kaya. Na gefe suna nan a miƙe.”

Ta yi tsaki. Wasan da duk darajarsa miƙaƙƙen layi, wane marar aikin yi ne zai lanƙwasa shi? Amma Hannu ba ya gardama da Ido. Ta zauna ta lanƙwasa.

Bayan wani lokaci ya ce akwai wani tabo a tsakiyar allo, dishi-dishi, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Duk inda ka juya yana nan a tsakiya. Ta yi tabon. Sannan wata ranar Lahadi da hantsi, tana yankan albasa, wayarta ta yi ƙara. Ta danna da bayan yatsa.

“Injiniya, rubuta. Tabon nan ba tabo ba ne. Mutum ne. Ina jin mace ce, doguwa, da bulo mai ruwan toka aka yi ta. Ba ta da fuska. Ba ta tafiya, ba ta duka, ba ta cewa komai. Tsayuwa kawai take yi daga can nesa. In ka juya gabas tana gabas, in ka juya yamma ka tarar ta riga ka.”

Muryar a kwance take, irin wadda yake karanta wa ɗalibai awon taga da ita. Amma a ƙarshen saƙon bai kashe da wuri ba, ta ji numfashinsa na ɗan lokaci kafin ya katse. Tsigar jikinta ta tashi, ta ɗora laifin a kan iskar da ke shigowa ta taga.

Da suka zauna cin abinci ta ce, “Wai ita matar nan taka, me take nema?”

“Ban tambaye ta ba,” ya ce, yana murmushi ga firji. “Kin san ni da kunyar baƙi.”

Ko a nan bai dube ta ba.

Ta gina matar, ta sa mata suna Mai Tsayuwa a cikin rubutun. Kamar kowane Hannu, a filin gwaji take duba aikinta, wani shimfiɗaɗɗen fili da ba gida ba bishiya, sai ciyawa har iyakar gani. A can matar ba ta tare komai, wani dogon abu ne kawai mai toka-toka a bakin sama. Daga nan saƙonnin Malam suka gajarce. “Injiniya, rubuta. Ta matso.” Sai ta buɗe rubutun ta rage tazarar. Bayan kwana biyu kuma, “Ta ƙara matsowa.” Ta sake ragewa. Tun tana yi da mita har ta koma yi ba tunani, kamar mai rage wutar murhu.

Mai-makulli, wanda shi ke karɓar aikin kowa ya haɗa shi da na sauran, ya karɓi wannan ma ba tambaya, don Malam bai taɓa ba shi labarin da ba haka ba. A wata ƙasa yake, ba su taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai suka sani. Da aka saki sabon zubin wasan ga jama'a, ba a yi nisa ba sai ga kiransa, ranar Asabar da safe, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya.

“Ranki ya daɗe, kina kusa da Malam?”

“Yana ɗakinsa. Lafiya?”

“To, da sauƙi dai. Wannan Mai Tsayuwar, a ina ya gan ta?”

“A wasan kamfani mana. A ina kuma?”

“Na sa sauran Idanu sun bincika, har da waɗanda suka fi shi daɗewa a duniya ɗaya. Babu ita. Babu tabo, babu bango mai lanƙwasa. Ba a taɓa yin su ba.”

Ta ji kamar an zare mata kujera.

“Mutane suna ta ƙorafi,” ya ci gaba. “Wani ya ce 'yarsa ta ƙi sake taɓa kwamfutar. Ni kaina na shiga jiya, wallahi ban daɗe ba na fito, kuma ba zan iya ce miki ga abin da ta yi min ba. Ki tambaye shi cikin hikima. In daga wani wasan ya ɗauko ta, mun shiga uku da lauyoyi. In kuma ƙirƙirarta ya yi, kin san ba zai ci gaba da zama Ido ba. Ba na so in yi masa haka, amma doka ce.”

Da ta ajiye wayar, fushi ne ya fara zuwa, mai zafi. Wato bai isa ya ɗauke mata ido ba, sai ya mai da ita abin wasa, ya zauna a ɗaki yana tsara ƙarya, ita kuma tana ginawa kamar baiwa? Har ta miƙe ta nufi ƙaramin ɗakin, sai ta tsaya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma Malam bai iya ƙarya ba ko ta cewa ya ƙoshi. Ta koma ta kunna kwamfutarta. Wannan karon ba filin gwaji ta shiga ba, ta shiga duniyar ƙungiya, inda kowa ya gina gidansa. Rabonta da can tun kafin ɗansu ya tafi.

Ta sauka a kan hanyar dutse da ke ratsa unguwar. Ba kowa. Gajimare masu kusurwa suna wucewa a hankali, wata tunkiyar bulo na tsaye a gefen rijiya. Matar kuma tana nan a tsakiyar hanya. A filin gwaji Injiniya ba ta taɓa lura da girman da ta yi ba. A nan, tsakanin gidaje, ta kai tsayin ƙofa biyu, kafaɗunta a miƙe, inda fuska za ta kasance bulo ne sumul. Injiniya ta san kowane layi na rubutun da ya tsayar da ita, ta san ba komai ba ce sai lissafi. Duk da haka ta daɗe kafin ta motsa linzamin kwamfutar.

Ta matsa gaba, matar ba ta gusa ba, ba ta kuma ƙara kusa ba. Ta juya wajen rijiya, rijiyar ta ɓace a bayan matar. Ta juya wajen tunkiya, tunkiyar ta ɓace. Duk abin da ta so gani, shi ne ainihin abin da ba za ta gani ba.

Da laluben gefe ta kai gidansu, wanda su uku suka gina daidai da na gaske, har da ƙaramin ɗakin kusa da kicin. Ɗansu ya kafa allo a bakin ƙofa ya rubuta wani abu na tsokana. Ta tsaya ta karanta, matar ta rufe shi. Ta ja linzamin gefe kaɗan har allon ya faɗo a gefen gilashin kwamfutar, sannan ta iya tsintar haruffan da wutsiyar ido. Haka ta shiga falo. A bangon falon akwai hoton fuskarta, babba, wanda Malam ya jera da bulo masu launi, ya ɓata mako yana gyaran hanci ɗansu na yi masa dariya. Ta fuskance shi, ba ta ga komai ba sai toka. Ta kau da kai wajen taga, sai ga fuskar ta leƙo daga gefe, rabi-rabi, tana murmushi.

Ta kasa jurewa, ta danna fita. Gilashin ya yi baƙi na ɗan lokaci, ta ga inuwarta a ciki: wata mata zaune, kai a karkace, fuska na kallon labule, ido na satar kallo ta gefe. Ta san wannan zaman. Wata da watanni tana ganinsa a teburin cin abinci, tana jin haushinsa.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ruwa na dukan kwanon rufi har mutum ba ya jin takun kansa. Ƙofar ƙaramin ɗakin ba ta rufu sosai ba. Tun da suka shiga ƙungiyar ba ta taɓa tura ta yana ciki ba, yau ta tura.

Kwamfutar na lulluɓe da tsohon mayafinta da ta daɗe tana nema. Wayar wutarta na ƙasa a naɗe, ƙura ta kwanta a kan madannai. Malam na zaune a kujerarsa, ya juya wa teburin baya, yana fuskantar farin bango, wayarsa a kusa da baki. Hasken da ya shigo ta ƙofa ne ya sa ya waiwayo. Ya dube ta, kai tsaye, ido cikin ido, karo na farko tun ba ta iya tunawa ba. Zuciyarta ta buga da wani farin ciki na wauta. Sai ya danna wayar.

“Injiniya, rubuta,” ya ce a hankali, idonsa na kanta. “Yau ta iso bakin ƙofa. Ta cika ƙofar gaba ɗaya.”

Wayarta ta yi ƙara can a falo. Injiniya ta dafa bango.

“Malam.”

Ya zabura, wayar ta kusa faɗuwa. Sannan a hankali ya juya fuskarsa wajen kabad ɗin littattafai, ya tsaya a nan.

“Au, ke ce,” ya ce. Ya yi ƙoƙarin murmushi. “Kin karya doka, Hannu.”

“Ba abin da zan gani a ɗakin nan da zai karya doka. Tun yaushe?”

Ya shafa gwiwarsa. “Tun kafin in bar makaranta. Na ja layi a allo, yara suka ce a miƙe yake, ni kuma ina ganinsa a lanƙwashe.”

“Ka je asibiti?”

“Na je, ranar da na ce miki zan kai gyaran takalmi. Likita ya ce tsakiyar idon ce ke mutuwa, gefen zai daɗe. Akwai allurar da wataƙila ta rage masa gudu, ya ce in dawo da wanda zai riƙe ni zuwa gida. Ban koma ba. Matar nan kuma ya ce ba aljana ba ce, ba kuma hauka ba ne. Wai ƙwaƙwalwa ba ta son fili a banza, in ido ya bar mata wuri sai ta yi gini a kai. Na yarda da shi. Sai dai shi ba ya tashi da safe ya tarar da ita a bakin gado.”

Ta so ta yi masa faɗa, ta fasa. “Me ya sa ba ka gaya min ba?”

“Na gaya miki mana. Kullum ina gaya miki, har rubutawa kike yi.”

“Malam, kada ka yi min wasa.”

“Ba wasa nake ba. Sau nawa na zauna gabanki zan ce miki ina makancewa, bakin ya ƙi. Mutumin da duk amfaninsa ido ne, a makaranta ido, a nan ma Ido. Amma na san abu ɗaya: duk abin da na faɗa daga ɗakin nan, hannunki zai gina shi daidai, ba ragi ba ƙari. Na ce wata rana za ki shiga ki gan ta da kanki, in huta da bayani. Ban yi tunanin yaran mutane ba, wannan kam na yi laifi. Ki ce wa Mai-makulli ya cire ta, ya cire ni.”

“Na shiga,” ta ce. “Na gan ta.”

Ya sauke wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. “To alhamdu lillahi. Mun zama mu biyu.”

A nan ne kukan ya ƙwace mata. Ta yi shi a tsaye, da hannu a baki, kukan tausayi da na kunya a haɗe, don ta tuna irin maganganun da ta yi ta shirya masa a zuci tana wanke-wanke.

“Na ɗauka ka gaji da ganina ne,” ta ce. “Wallahi na ɗauka fuskata ce ta ishe ka.”

Fuskarsa na wajen kabad, bai juyo ba. “To yanzu me kike tsammani nake yi?”

Ta share hawaye da bayan hannu.

“In na dube ki, ita nake gani. In ina son ganinki sai na ba ki gefe. Kin rame, Injiniya. Kuma ɗankwalinki ya zame ta hagu.”

Ta gyara ɗankwalin tana dariya cikin hawaye. Ta tako za ta durƙusa a gabansa, ta tuna, ta fasa. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna daga gefe, ta ɗan matsa, ta sake matsawa.

“Nan ya yi,” ya ce. “Kada ki gusa.”

“Ranar Litinin za mu koma wurin likitan. Ni zan riƙe ka.”

“To.”

Ruwan ya fara tsagaitawa, har ana jin ɗigon da ke faɗa wa bokitin kicin. Ta riƙe hannunsa, ya yi sanyi. Ba ta so ta tambaya, amma tambayar ta fito da kanta.

“Ita fa? Tana ina yanzu?”

Ya juya kansa a hankali wajen ƙofa, ya daɗe, ta ji yatsunsa sun matse nata. Sannan ya mai da fuskarsa ga kabad.

“Tana inda kika bar mata,” ya ce.

Suka zauna haka, shi yana fuskantar kabad yana kallon matarsa, ita tana kallon ƙofar da ba kowa.